Fatawa: Sayen na'urar neman ƙarfe ta hannu, da hukuncin abin da ta tono

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin lakkol ne mai ritaya, ina zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo a nan Maradi. Da ina da wata 'yar na'urar neman ƙarfe da wana ya kawo mini daga Faransa, nakan zaga da ita bakin gulbi ranar Lahadi don sha'awa kawai, har ta lalace na bari. Yanzu wani maƙwabcina da ya dawo daga Jado zai sayar mini da tasa jika 150, ina so in koma. Uwargida ta ce taɓa dukiyar aljanu ne, abokina kuma ya ce caca ce. Ya halatta in saya? Abin da na tono kuma nawa ne?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ya ɗan'uwa, sayen ya halatta. Na'urar ƙarfe ce da batir, hukuncinta hukuncin fartanya, asalin ciniki kuwa halal ne sai abin da shari'a ta hana. Maganar caca ba ta taso ba, don a caca kuɗin wani kake ci ko ya ci naka, a nan kuwa ba wanda kuka sa kuɗi da shi. Ga Hajiya kuma ka gaya mata cikin lalama cewa na'urar ba ta san aljani ba, ƙarfe take ji. Tsoronta dai ba banza ba ne, ta ga yadda masu wannan nema ke ƙarewa a ɗakin boka, a ce su yanka baƙin bunsuru don mai gadin dukiya ya matsa. Wannan yanka shirka ne, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Idan kuɗin ba na cefane ba ne, ba kuma bashi za ka ci ba, babu laifi mutum ya kashe wani abu a kan sha'awarsa.

Kayan hannu sai an lura da abu biyu. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 waɗannan na'urori suka cika ƙasa, da na gaske da jabu masu ɗauke da sunan Minelab ko Garrett, wasu kuma na haɗin gwiwa ne, mutum uku ko huɗu suka tara kuɗi suka saya. Tambayi maƙwabcin naka a gaban shaidu ko tasa ce shi kaɗai. In zuciyarka ta rinjaya cewa ta sata ce ko ta abokan tarayya ce da ba su sani ba, haram ne ka saya komai arharta. Sannan ka gwada kafin ka biya: binne dala biyar a tsakar gida, ka ga ko za ta yi kuka. Wajibi ne shi ya faɗi aibin da ya sani, don Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. In ya ɓoye ka gano daga baya, kana da zaɓin mayarwa.

Inda nauyin yake shi ne rabin tambayarka na biyu. Mutane da yawa sun ɗauka duk abin da ya fito daga ƙasa rabon wanda ya tono ne. Malamanmu na Malikiyya sun raba shi gida uku.

Akwai rikazi, wato abin da mutanen jahiliyya suka binne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa a cikin rikazi akwai humusi, kashi ɗaya cikin biyar. Ba a jiran shekara, ba a duba nisabi, kuma a Muhtasar Halil, sanannen littafin fiƙihun Malikiyya, ya ce ko da kaɗan ne, ko da ba zinariya ko azurfa ba ce, ko da ana shakkar wanda ya binne. Sauran kashi huɗun na mai ƙasa ne. In ƙasar ba ta da mai ita, sannan ya zama na wanda ya samu. Ka riƙe wannan da kyau: in ka shiga gonar mutum ka tono tukunya, ba taka ba ce, shigar ma ba da izininsa ba laifi ne mai zaman kansa.

A nan wani zai kawo maganar Imamu Malik a Muwaɗɗa, cewa abin da aka nema da dukiya da babban aiki, yau a dace gobe a rasa, ba rikazi ba ne. Zakka ce a kansa, ɗaya cikin 40, in ya kai nisabi, wajen giram 85 na zinariya. To kuɗin na'ura ya shiga wannan babbar ɗawainiya? Masu sharhin Halil sun yi saɓani ko a kan kuɗin tafiya ma. Abin da na rinjayar a sha'aninka shi ne humusi, don ba don wata tukunya sananniya ka sayi na'urar ba, kuma tonon kamu biyu da 'yar shebur ba ya cikin aikin da Malik yake nufi. Wanda ya ɗauki leburori suka yi sati suna haƙa, hukuncinsa daban.

Sai tsintuwa, kuma a ganina kusan duk abin da za ka samu a Maradi nan zai faɗa. Halil ya faɗa ƙarara cewa abin da Musulmi ya binne tsintuwa ne. Ka tuna inda kake son zagawa. Tsohon garin Maradi a fadama yake, sai da ambaliyar gulbi ta 1945 ta ci shi aka tashi aka hau tudu. Warwaro ko zoben azurfa da ya fito daga can na kakannin mutanen da kake sallah da su ne, filin kuma yau gonar wani ce. Hadisin Zaidu ɗan Halid ya ce ka san jakarta da maɗaurinta, ka yi cigiya shekara guda. Cigiya a yau ba wuya: ƙofar masallacin Juma'a, gidan mai unguwa, gidajen rediyon gari. Kada ka siffanta kayan, bari mai shi ya siffanta. Bayan shekara ko ka ajiye, ko ka yi sadaka da shi a madadin mai shi, ko ka amfana, amma in ya bayyana ka biya shi. Ƙusa, murfin kwalba da tsohuwar dala da ba wanda zai waiwaya, waɗannan ba su buƙatar cigiya.

Wata shekara wani yaro ya kawo mini ɗan kunne guda na zinariya cikin kwalin ashana, ya tsinta a filin Idi. Muka sa aka yi shela Juma'a biyu. Sai ga wata dattijuwa da ɗaya ƙafar ƙulle a bakin zanenta, ta ce na lefenta ne. Da ya kai wa maƙeran zinariya, da ba wanda ya sani sai Allah.

Na uku shi ne ma'adini, zinariyar da Allah ya halitta a cikin ƙasa ba wanda ya binne. A mazhabarmu hukuncinsa yana hannun shugaba ko da a filin wani aka same shi, dokar ƙasa ma haka ta ce. Ba ka da hurumin buɗe rami sai da takarda. Mu nan mun ga ramin da ya rufta da mutane a yankin Ɗan Isa a Nuwamban 2021, Allah ya jiƙan su. Na ambaci wannan ne don sha'awa takan girma, wanda ya fara da zagaye ranar Lahadi sai ka ji ya sayar da gona ya nufi daji.

Maƙabarta kuwa kada na'urarka ta kusance ta. Tone kabarin Musulmi don neman dukiya haram ne, karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, kamar yadda ya zo daga Nana A'isha. Kabarin jahiliyya ma Malik ya karhanta tone shi. Hanin kusantar maƙabarta ya haɗa da kaburburan da ke gefen tafkin Madarunfa da kufan tsoffin garuruwa, inda sau da yawa ba a gane kabari sai an kai ga ƙashi. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, tono a irin waɗannan wurare sai da izinin hukuma, bin ta kuma wajibi ne don maslaha ce ta kowa. In ka ci karo da tsohuwar tukunya ko gunki, ka bar shi a inda yake ka sanar da hukuma, kada ka kai wa dillali.

Ka saya in ta ci gwaji. Kafin ka shiga gonar kowa ku yi magana da mai ita a gaban shaida, ku yanke yadda za a yi in an samu wani abu. Ramin da ka tona kuma ka cike shi kafin ka tafi, don wanda ya haƙa rami a inda ba shi da izini, akuyar da ta karye a ciki shi zai biya. Wallahu a'alam.