Tambaya da Amsa: Tibi ta tsaya, a ina zan sayi sabuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya aiki ya iyali. Don Allah shawara nake nema. Tibin falonmu ce ta tsaya, inci 43, mun daɗe da ita lafiya lau, to ranar nan da daddare aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi har ƙwan kicin ya ƙone, tun daga nan in an kunna sai mu ji magana amma babu hoto, baƙi ƙirin. Maigida ya ce a haƙura da ita a sayi sabuwa, kuma ya bar min zaɓi tunda ni ce mai wuni a gida da yara. Ni kuma kaina ya kulle, ƙanina ya ce in ba shi kuɗin ya samo min Beljiyam babba inci 55 a Sabon Gari da kuɗin da zan sayi ƙarama sabuwa, maƙwabciyata ta ce ita a intanet ta yi oda aka kawo mata har gida, wata kuma ta ce in je shagon kamfani ko da tsada. Kuɗin nan adashina ne da abin da maigida ya cika, wallahi ba na so in yi asara.
Daga wata uwargida, Hotoro, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Amma kafin mu shiga kasuwa ki ɗan dakata, don yadda kika kwatanta ɗin nan ni ban yarda tibin nan ta mutu ba tukuna. In dare ya yi ki kunna ta, ki bari sai kin ji magana na fita, ki kashe fitilar falo, ki haska tocilan ɗin wayarki dab da gilashin daga gefe ki kalla da kyau. In kika ga inuwar mutane na motsi can ciki dishi-dishi, to gilashin lafiyarsa ƙalau, abin da ya tafi fitilun da ke bayansa ne masu haska hoton, ko kuma ɓangaren da ke ba su wuta a cikin fawa bod, kuma duka biyun masu gyara na canza su kullum, kuɗinsu bai ko kama ƙafar kuɗin sabuwa ba. Ki sa a kai wa mai gyara, amma a ce ya buɗe a gaban wanda ya kai, ya faɗi kuɗi kafin ya taɓa komai, abin da ya cire kuma ya ba ku a hannu. Ni ma'aunina shi ne in kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin sabuwa irinta to a bar shi, in bai kai ba a gyara, ko ba komai ta koma ɗakin yara ko ku sayar da ita tana aiki ku ƙara a kan na sabuwar.

To a ce dai sayen za a yi. Maganata ɗaya ce a nan, ki saya a inda za ki iya komawa ranar da matsala ta zo, a ce ga shago, ga wanda ya karɓi kuɗinki, ga rasit mai sunan shagon da lambar tibin a jiki. Duk sauran bayanin a kan wannan ya rataya.

Mu fara da Beljiyam ɗin da ƙaninki ya kawo shawara. Ba na ce duk marasa kyau ba ne, akwai masu kyau sosai, kuma talaka da yawa da su ya fara. Amma fa ki sani kaya ne da wani ya gama morarsa a Turai, ba wanda zai iya faɗa miki shekara nawa ta yi tana aiki, kuma waɗancan fitilun na baya da muka yi magana suna da iyakar kwanansu, sai ki sayi inci 55 yau wata huɗu ki dawo inda kike yanzu, murya babu hoto. Garantinsu a baki ne, wani ya ce sati ɗaya wani ya ce in kin fita daga shago shi ke nan. Ga kuma maganar wuta, wutarmu bolt 230 ce, ta Ingila da sauran Turai daidai take da tamu, amma wadda aka yi don Amurka 120 take sha, akwai masu ɗaukar duka biyun akwai waɗanda ba sa ɗauka, sai an duba takardar da ke manne a bayanta an ga an rubuta 100 zuwa 240. In kuma filasma ce ta asali, irin mai nauyin nan mai ɗaukar zafi, to Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera ta tun 2014, kin ga kenan ko wacce kika gani ta haura shekara goma, ga shan wuta. Da kuɗin adashi ni ba zan ba ki shawarar Beljiyam ba gaskiya, gara 43 sabuwa fil a kwali da 55 da ba ki san tarihinta ba.

Kasuwar Sabon Gari ita kanta ba laifinta, akwai manyan diloli a ciki da kewayenta masu sayar da sabon kaya na gaske, da yawa daga Alaba ta Legas suke sarowa ko kai tsaye daga hannun kamfani, kuma sau da yawa za ki samu rangwame fiye da mol. Inda ake cutuwa shi ne wajen masu tarar mutum a bakin hanya, Hajiya me kike nema zo in kai ki, su ba su da shago, la'adarsu a kan kuɗinki za a ɗora, ranar da kika dawo da ƙorafi kuma mai shagon ya ce shi bai san da ke ba. Sai kuma jabu, wato tibi marar suna a liƙa mata LG ko Samsung a goshi a sa ta a kwali mai kyau. Gane ta ba wuya in an nutsu. A kunna a gabanki a shiga saitin, LG mai intanet tsarinta webOS ne, Samsung Tizen, Hisense yawanci VIDAA, TCL kuma Google TV ko Android. In aka ce miki Samsung ce sai kika ga ta buɗe da wani Android mai kama da na tsohuwar waya, ki yi musu sallama. Sannan lambar da ke jikin kwali da wadda ke bayan tibin da wadda ke cikin saitin dole su zama iri ɗaya, ita ce kuma za a rubuta miki a rasit.

Ki tafi da tef ɗin awo irin na tela a jaka, da gaske nake. Incin tibi daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi a karkace, gilashin kawai ban da bakin roba, inci 32 santimita 81 ne, 43 kuma 109, 50 ya kama 127, 55 kusan 140. Ana sayar wa mutane ƙarama da sunan babba saboda kawai ba wanda ke aunawa. Ki kuma sa a saka miki farin hoto zalla ya cika gilashin sannan baƙi zalla, ki matsa kusa ki duba ko akwai ɗigon da ya maƙale da wata kala ko wani gefe da ya fi wani haske, a gwada rimot, a gwada ramin HDMI, wato inda ake jona wayar dikoda, da na filas duka, a ƙure murya a ji ko sifika na karkarwa. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin wannan, wanda ya fara cewa babu wuta ko jen ba mai to ki ce za ki jira.

Shagon kamfani ko na dilan da kamfani ya amince da shi, misali Fouani da ke rarraba LG da Hisense a Najeriya, ko manyan kantuna irin na mol, a nan za ki ɗan ƙara kuɗi amma za a ba ki katin garanti, yawanci shekara ɗaya wasu biyu, kuma suna da wurin gyara nasu. In tazarar kuɗin ba ta da yawa ni nan zan tura ki. Sai dai ki tambaya tun kafin ki biya, in ta samu matsala ina zan kai a nan Kano, don wani garantin sai an tura kaya Legas a yi ta jira. Kuma ki sani garanti ba ya ɗaukar fashewar gilashi, ba ya ɗaukar ruwa, yawancinsu ba sa ɗaukar ƙonewar wuta ko tsawa, wato irin abin da ya same ku ɗin nan.

Intanet kuma kala biyu ce. Akwai irin su Jumia da Konga, a can ma 'yan kasuwa daban-daban ne ke baje kaya don haka ki duba ko shagon kamfanin ne da kansa, ki karanta abin da waɗanda suka saya suka rubuta, ki duba kwana nawa aka ba ki na mayarwa don 'yan kwanaki ne, in an kawo kuma a buɗe a kunna ranar, kar a ajiye kwali a ce sai maigida ya dawo daga tafiya. Akwai kuma masu talla a Facebook da Instagram da WhatsApp da farashi rabin na kasuwa su ce a tura kuɗi kafin a kawo, waɗannan kam a'a. Farashi ban sa miki ba don yana bin dala, abin da na rubuta yau kafin mujallar nan ta iso hannunki ya canza, ki zaɓi samfuri ɗaya ki tambayi shago uku kuɗinsa.

Kar ki bari a ruɗe ki da 4K, wato tibin da hotonta ya fi na Full HD fitowa tas. Yawancin tashoshin da ke zuwa ta dikoda, su Arewa24 da sauransu, ba su kai nan ba, kallon 4K a YouTube kuma data yake sha ba kaɗan ba, ga falo madaidaici 43 mai Full HD ta wadatar. Abin da za ki ware wa kuɗi dole shi ne abin kare wuta, ɗan akwatin nan da ake cewa TV guard wanda ke yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi ƙasa kuma ya jinkirta kafin ya sake ta, ko sitabilaiza in unguwarku wutar na yawan rauni. Tunda har ƙwai ya ƙone a kicin ku kira mai wayarin ya duba gidan ma. In an tada jen a bari ya daidaita kafin a kunna tibi, a kashe ta kafin a kashe shi, da damina kuma in hadari ya haɗo a zare fulogi da wayar dish duka, don tsawa ta wayar dish ma tana shigowa. Wajen ɗaukowa a tsaye za a riƙe ta cikin kwalinta, kar a kwantar a ɗora mata kaya a Adaidaita. Ki adana rasit da kwalin, in wani ya sayar miki da jabu ya ƙi sauraronki akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, kuma rasit ɗin za su fara tambaya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni a ƙauyenmu babu wutar gwamnati, sola na haɗa, batir ɗaya 100Ah da ƙaramar inbata. Tsohuwar tibina mai ƙeya ta lalace, ina son in sayi babba saboda ƙwallo, abokai na zuwa kallo. Wacce za ta dace?
Daga wani matashi, yankin Funtuwa

AMSA: Ɗan uwa barka kadai. Kai lissafinka na wat ne kafin na inci. Batir bolt 12 mai 100Ah yana riƙe da wat 1200 na awa ɗaya a takarda, amma in irin na ruwa ne ko jel rabin kawai ya kamata ka ja in kana so ya yi ƙarko, wato 600, inbata ma tana cin nata. Inci 32 ta zamani tana shan kamar wat 30 zuwa 50, ka haɗa da dikoda da ƙwai biyu za ka kalli wasa biyu har da labarai batir bai yi kuka ba. Inci 43 za ta iya ninka haka, ita ma za ta yi in ba ka haɗa da fanka dare guda ba, amma 55 a batir ɗaya wahala za ka sha, filasma kuwa kar ma ka fara. Ka juya bayan kowacce ka karanta wat ɗin da aka rubuta, kar ka tsaya a maganar mai shago. Akwai kuma masu aiki da bolt 12 kai tsaye daga batir ba sai da inbata ba, masu sayar da kayan sola ke da su, suna da sauƙin wuta sosai sai dai da yawansu ba sanannun kamfanoni ba ne, don haka ka saya a Funtuwa ko Zariya wajen wanda ka san shagonsa, ya rubuta maka wata nawa ya tsaya mata. Ka rage hasken gilashin a saitin da daddare, yana rage shan wuta kuma fitilun ciki sun fi daɗewa.

TAMBAYA: Salam Malam, yarona ne ya jefi tibi da kofi, gilashin bai fashe ta waje ba amma ciki ya yi zane-zane da baƙin tabo kamar an zubar da tawada. Ana gyarawa?
Daga wata baiwar Allah, Tudun Wada, Kaduna

AMSA: Ayya, sannu 'yar uwa, Allah ya shirya mana su. Wannan fanel ɗin ne, wato allon ciki mai nuna hoto, ya tsage daga ciki, ba a ɗinke shi ba a liƙe shi sai dai a canza gaba ɗaya, kuma shi ne mafi tsada a jikin tibi, kuɗinsa da na aiki sau da yawa ya kusa na sabuwa, garanti kuma ba ruwansa da shi. Kar ki yar da ita, masu gyara na sayen irinta saboda bod da sifika da fitilun ciki duk lafiyarsu lau, ki haɗa da rimot ɗin ki tambayi mutum biyu ko uku kafin ki sallama. Sabuwar kuma ki sayo ta tare da ƙarfen ratayewa, a kafe ta a bango sama da inda hannun yaro ke kaiwa, mai kafewar ya tabbata ƙusoshin sun shiga bulo sosai ba filasta kaɗai suka kama ba.