Kun Tambaya, Mun Amsa: Kwashe Dusar Ƙanƙara da Ƙaramar Tarakta

Tambayoyin wannan karon sun fito ne daga masu karatunmu mazauna ƙasashen sanyi, inda ba a fita da mota da safe sai an buɗe hanya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar tarakta mai bokiti a gaba. Idan na ciko bokitin da dusar ƙanƙara na nufi gangare, sai in ji bayanta ya yi sakayau, in taka birki amma ta ci gaba da sulalewa. Birkin ne ya lalace?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Da wuya a ce birkin ne. Yawancin ƙananan taraktoci a tayoyin baya kaɗai suke da birki. Bokiti da hannayensa suna gaba, ka ƙara musu kaya, sai tayoyin gaba su zama kamar tsakiyar sikeli: gaba ya rinjaya, baya ya ɗaga. Tayar da ba ta danne ƙasa ba kuwa, ko ka tsaya a kan birki ba abin da za ta riƙe, balle a kan santsi.

Dusar ma tana yaudarar ido. Wadda ta sauko sabuwa a bushe, cikin akwati mai mita 1 ta kowane ɓangare ba ta cika wuce kilo 100 ba. Wadda ta jiƙe ta danƙare tana iya kai kilo 400 ko fiye. Bokiti ɗaya ne, amma kayan yau ba na jiya ba ne.

Maganin farko nauyi a baya. Ka rataya akwatin nauyi a maƙalar nan mai hannu uku ta bayan tarakta, ka cika shi da kankare ko yashi daidai adadin da littafin bokitin ya faɗa. Ana kuma ɗura wa tayoyin baya ruwan da ba ya daskarewa, kashi 75 cikin 100, wato har bakin bawul idan bawul ɗin yana sama. Kada a sa ruwa zalla, zai daskare. Ruwan gishirin kalsiyam yana da nauyi sosai, sai dai yana cin rim da tsatsa. A lura da bambancin: ruwan taya yana danne baya ne kawai, akwatin da ke rataye can bayan tayoyi shi ne ke rage wa gaba kaya. In da hali a haɗa biyun.

Sannan ka sa ta a jan tayoyi huɗu kafin ka shiga gangare, domin ta haka ne riƙon birki da na injin ke isa tayoyin gaba. Ƙaramar giya, kuma kada ka taka kuloci a tsakiyar gangare. Bokiti ya tsaya ƙasa-ƙasa, kamar taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa. Ba a ɗaga shi sai an iso inda za a juye, a wuri mai daidai, tarakta na fuskantar tulin kai tsaye. Ka hau gangare a miƙe, ka sauko a miƙe, ban da ratsa shi a karkace. Idan gangaren ya yi tsanani kuma bokiti cike yake, sauko da baya-baya, kayan na kallon tudu. In ka ji tayar baya ɗaya ta bar ƙasa, sauke bokitin nan take. Tayoyi masu faffaɗan haƙori da ake sayar da yawancinsu da su ba su da kataɓus a kan ƙanƙara, sarƙa a tayoyin baya ita ce magani.

TAMBAYA: Ƙarfen kariyar da ke bayan kujera ba ya shiga ƙofar garejina, shi ya sa na naɗe shi na bar shi haka. Tunda ina ɗaura bel, ai babu laifi ko?

AMSA: Akwai laifi babba, ɗan'uwa. Ƙarfen da bel tare suke aiki: idan tarakta ta kife, ƙarfen ya tokare ƙasa ya bar maka sarari, bel ya riƙe ka a cikin sararin. Bel ba ƙarfe kuwa ɗaure ka ya yi a inda za ta danne ka. Da zarar ka fito daga gareji, ka tsaya, ka miƙar da shi, ka sa fil ɗinsa biyu da makullansu, sannan ka ɗaura bel. Aikin minti ɗaya ne. Kasala ce kawai ke sa a ce “ai ɗan nan da can ne”, alhali gefen kwalbatin da dusa ta rufe a ɗan nan da can ɗin yake.

TAMBAYA: Injin feso dusa da nake haɗawa a bayan tarakta yana yawan toshewa, kuma boltin da ke jikinsa ya karye sau uku. Wani ya ce in sa mai ƙarfi wanda ba ya karyewa.

AMSA: Kada ki bi wannan shawarar, Hajiya. Da gangan aka yi boltin nan mai rauni, don idan injin ya haɗiyi dutse ko guntun katako shi ya karye, giyoyi masu tsada su tsira. Kika sa wanda ya fi shi ƙarfi, abin da zai karye a madadinsa ba zai yi wa aljihu daɗi ba. Ki sayi irin girma da lambar da littafin ya rubuta, ki ajiye biyar ko shida da sifana a akwatin tarakta. Yawan karyewarsa alama ce: ko dai bakin injin na kwasar tsakuwa, sai a gyara takalmansa na gefe ya ɗaga kamar santimita 2 zuwa 3, ko kuma kina kunna sandar PTO, wato sandar bayan tarakta da ke juya injin feso dusar, alhali injin taraktar yana kan wuta sosai. A rage wuta a kunna, sannan a ƙara a hankali.

Toshewa kuma yawanci daga jiƙaƙƙiyar dusa ce da saurin tafiya. Injin ya yi gudu, tarakta ta yi rarrafe.

Idan ya toshe, a nan ne mutane ke rasa yatsu. Sandar PTO tana juyawa sau 540 a minti, wato sau 9 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ki ankara ta naɗe mayafi ko bakin riga. Ki kashe PTO, ki sauke injin ƙasa, ki ja birkin tsayuwa, ki kashe tarakta, ki zare makulli ki sa a aljihu, ki jira komai ya tsaya cak. Sai ki zungure da sanda. Ko a kashe ba a sa hannu, don fankar da ta maƙale tana iya zabura idan abin da ya tokare ta ya fita. Murfin robar da ke jikin sandar ya kasance lafiyayye, kuma duk wani abu mai lilo a jiki a cusa shi cikin rigar sanyi. Bakin bututun kada ya kalli mutum, taga ko titi.

TAMBAYA: Da safe ba ta tashi sai da ƙyar. In fesa mata maganin tayar da inji?

AMSA: In tana da fulogin ɗumama, kamar yadda yawancinsu ke da shi, a'a. Feshin na kamawa da wuta da ya taɓa fulogi mai zafi, yana iya lalata injin ya kuma ji maka rauni. Ka jona hitar injin a lantarki awa 2 zuwa 3 kafin aiki, ka bari fitilar fulogi ta mutu kafin ka murɗa makulli. Man dizal na lokacin zafi yana kama jiki kamar kyandir idan sanyi ya kai wajen digiri 10 zuwa 15 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, ya toshe filta. Ka sha na hunturu, ko ka zuba maganin hana daskarewa tun man yana ruwa. Da ta tashi, buɗe ƙofa ka fito da ita waje ta yi ɗumi minti 5 zuwa 10, domin hayaƙinta a rufaffen gareji yana kisa. In tiyon haidirolik na yoyo, da kwali ake neman wurin, ba da tafin hannu ba: man yana huda fata, kuma wannan sai asibiti nan take ko da ramin bai fi na allura ba.

TAMBAYA: Motar maƙwabcina ta kafe a dusa. Ina zan ɗaura igiya in jawo ta?

AMSA: A ƙarfen ja da ke ƙasa, ƙarƙashin sandar PTO, nan kaɗai. Duk abin da aka ɗaura sama da gatarin tayoyin baya yana sa gaban tarakta ya tashi ta faɗo da baya, cikin abin da bai kai daƙiƙa 2 ba. Ja a hankali ba fizga, kowa ya matsa nesa da igiyar. Idan motar ta fi taraktar nauyi nesa ba kusa ba, a kira motar janwe.

TAMBAYA: Me ya kamata in yi tun kafin dusa ta fara sauka?

AMSA: Ka zaga filin da ƙafa. Ka kafa dogayen sanduna masu ƙyalli a gefen hanya, bakin kwalbati, murfin magudana da duk wani kututture, ka kwashe tiyo, waya da tabarmar bakin ƙofa. Bokitin da ya daki gefen kankare a guje yana wurga direba kan sitiyari. Ka zaɓi inda za ka tara dusar: nesa da bututun hayaƙin hitar gida, mitar gas da famfon 'yan kwana-kwana, kuma ba inda za ta tare ganin mai fitowa titi ba. Ka gwada fitilu da alamar nan mai kusurwa uku ta baya, ka haɗe fedar birki biyu idan za ka hau titi. Yara kuma suna son haƙa rami su ɓuya a cikin tulin dusa. Ka ƙirga su a cikin gida kafin ka tayar da injin, kuma ba a goya kowa, ko a cinya ko a bokiti.