Kan maganar yaronki da wasan waya

'Yata, saƙonki ya iso. Wai ɗanki mai shekara huɗu in kin karɓe wayar sai ya hau birgima yana kururuwa, kina tambaya ko a hana shi gem ɗin nan kwata-kwata ko a ƙyale shi. Da farko na yi murmushi, daga baya kuma abin ya tsaya mini a rai, don shekara huɗu fa ba wani girma ba ne.

Kin tuno mini da babanki. Wajejen 1990 aka kawo masa Game Boy, 'yar na'urar wasa ta kamfanin Nintendo. Allonta kore-kore ne kuma ba ya haske, sai ya raɓe ƙarƙashin fitila yana jera tubalan Tetris. Wani dare Inna ta yi ta ƙwala masa kira, ko ɗago kai bai yi ba. Muka ce shi ke nan, yau na'urar nan ta fashe. Sai ga kakanki, ko murya bai ɗaga ba, ya zauna kusa da shi ya ce, "Nuna mini yadda ake yi." Ya karɓa, yatsu suka ƙi ba shi haɗin kai, nan da nan tubala suka cika allon, mu kuwa muna ƙunshe dariya. Ya juya bayanta, ya zare baturan nan huɗu ya zuba a aljihu, ya miƙa wa babanki abarsa. Daga ranar, sai an gama aikin makaranta ake zuwa roƙon batir.

Da Inna ta ce a jefar da ita kawai, cewa ya yi, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma in aka yi masa da ƙarfi karyewa yake." Ita kuma ta ce ai yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Sai dai waccan batir na mutuwa a huta. Na yanzu ba su da ƙarshe, ga tallace-tallace, ga saye-saye a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta ce ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a gaban allo a yini. Abin da ke ɓata mini rai, ku da hannunku kuke miƙa musu wayar don su yi shiru ku samu sararin WhatsApp, sannan ku dawo kuna kukan sun ƙi ji.

Ki fara gaya mini tukuna, wane wasa ne ma yake yi, kuma kin taɓa zama kin kalla?