Ƙananan kalmomin Jamusanci: daina bi ta Turanci

Ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce kana shirin jarrabawar Jamusanci ta matsakaicin mataki, wato B1, kafin ka nemi gurbin karatu a nan Jamus, amma als, wenn da wann sun hana ka sakat, don duk ukun ƙamus ɗinka "when" ya ce.

To, a nan gizo ke saƙa. Baturen Ingila kalma ɗaya gare shi, kai kuwa uku ka tashi da su tun kana goye. "Da na iso Berlin", als ke nan, abu ya faru sau ɗaya ya wuce. "In na samu kuɗi", wenn. "Yaushe za ka zo?", wann. Ni sai da na yi wata shida ina cewa "wann ich kam" maimakon "als ich kam" (da na zo), wata tsohuwa maƙwabciyata tana tare ni a matakala, jakar cefane a hannu, tana gyara mini, kafin na gane Turancin ne ke kai ni daji. Abu ɗaya ka kiyaye: abin da ya riƙa maimaituwa a baya, kamar "duk sanda na je gida", wenn ne.

Haka "if". In sharaɗi ne, wenn. In kuwa "ko" za ka ce da Hausa, ob ne: "Ban sani ba ko zai zo", Ich weiß nicht, ob er kommt. Shi kuma seit ai "tun" ne, har ginin jimlar kusan iri ɗaya: "Ina nan tun 2019", Ich bin seit 2019 hier.

Inda Hausa za ta bar ka a hanya shi ne "zuwa". Gari nach ne, nach Hamburg. Wurin mutum zu, zum Arzt, zuwa wurin likita. Ƙasar da ke da die a sunanta kuma "in" na Jamusanci, in die Schweiz, zuwa Switzerland. Ga nach Hause, tafiya gida, da zu Hause, zama a gida. Wannan ba dabara, hadda ce irin ta allo, kuma jimla sukutum za ka haddace, ba kalma tsura ba.

Sai weil, wato "saboda", mai tura aikatau can ƙarshen jimla, alhali denn mai ma'ana ɗaya ba ya taɓa shi. A titi za ka ji Jamusawan da kansu suna karya dokar weil. Kada ka kwaikwaye su a takardar jarrabawa, mai maki zai ja maka layi.

Ka gaida su Inna.