Jini ɗaya, lamba biyu: amsa kan awon MDA na masu ciwon suga nau'i na 1

Ƙanena, abu biyu ka tambaye ni. Na farko, me ya sa ruwan jinin wata yarinya mai ciwon suga nau'i na 1 ya ba ka wata lamba ta MDA (malondialdehid, ɓaraguzan da ke fitowa idan kitsen jiki ya lalace) ranar Litinin, da ka sake auna ragowar ranar Alhamis sai lambar ta haura. Na biyu, ko wannan awo zai nuna cewa garkuwar jikinta ce ta haddasa ciwon.

Amsar na biyun gajeriya ce: a'a. Abin da ke shaida cewa garkuwar jiki ce ta far wa ƙwayoyin beta masu yin insulin shi ne makaman da ta ƙera musu, wato antikor na GAD65, IA-2, ZnT8 da na insulin, sai kuma peptid C, alamar yawan insulin da jiki ke yi da kansa, da ya yi ƙasa. MDA kuwa yana hawa a jikin mai nau'i na 2, da mai shan taba, da mai ciwon ƙoda, da mai sikila, da wanda zazzaɓin cizon sauro ya kama. A Maraɗi, daga Agusta zuwa Oktoba, wannan na ƙarshen kaɗai ya isa ya rikita maka lissafi. Kada ka ɗauki jinin mai zazzaɓi don wannan awo, haka ma wanda bai daɗe da fita daga ketoasidoz ba, wato taruwar asid a jini saboda ƙarancin insulin.

Sai ka fahimci abin da kake aunawa. Ƙwayoyin bangon jijiyar jini, da na ido, da na ƙoda, ba su iya hana suga shiga idan ya yi yawa a jini. Michael Brownlee ya bayyana a 2001 yadda wannan cunkoso ke sa mitokondiriya, injin samar da ƙarfi na ƙwaya, ta riƙa fitar da superoksid fiye da ƙima, wani radikal ne, wato sinadari mai ɓarna da ke far wa abin da ya taɓa. Wani ɓangaren sugan kuma yana bin hanyar poliyol, inda ake cinye wani sinadari mai suna NADPH, alhali da shi ne ake sabunta glutatiyon, babban mai tsaron ƙwaya. Ɓarna ta ƙaru, tsaro ya ragu. Radikal ɗin sai su auka wa kitsen da ke fatar ƙwayoyi, su farfasa shi, MDA na cikin ɓaraguzan. Ka san yadda man gyaɗa ke canza wari idan an bar shi a buɗe cikin rana. To, kitsen da ke cikin ruwan jini ma bai daina lalacewa don ya bar jijiya ba. Iska da zafi da ƙarfen da ke fita daga fasassun jajayen ƙwayoyi suna ci gaba da aikin a cikin kwalba. Lambar Alhamis ba ta yarinyar ba ce, a firijinka aka ƙera ta. Ka soke ta.

Gyaran daga ɗaukar jini yake farawa. Ana son azumin awa 8 zuwa 12, amma ka tuna mai allurar insulin ne a gabanka: a sa shi farkon layi da sassafe, a ɗauka kafin allurar safe, abincinsa na hannunsa. Igiyar ɗaure hannu kada ta wuce minti ɗaya. Ka yi amfani da kwalbar EDTA (sinadarin hana jini daskarewa) mai murfi shunayya, ba mai jan murfi ba, domin yayin da jini ke daskarewa ƙwayoyin plaket da kansu suna samar da MDA, shi ya sa na sirom (ruwan jinin da ya daskare) ya fi na plasma (ruwan jinin da aka hana daskarewa). Idan da sirinji ka ja, cire allurar kafin ka zuba a hankali ta gefen kwalba. Juya ta sau 8, ba girgizawa ba. Sa ta a kula, da tsumma tsakaninta da ƙanƙara. In ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye jajayen ƙwayoyi za su fashe.

Cikin minti 30 a kai ta injin juya jini, 1500 g na minti 10, mai sanyi in akwai. Lura, g (ƙarfin juyawa) daban, juyi a minti daban. Duba teburin injinka. A watan Afirilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, waɗannan mintuna 30 sun ma yi yawa. Kwashe plasma da pipet ba tare da ka taɓa farin layin da ke tsakiya ba. Ɗaga ta wajen haske, farar takarda a bayanta. In ka ga ta yi ja-ja, ko kaɗan ne, a sake ɗauka. Na fi son a ba mara lafiya haƙuri a sake huda shi da a rubuta masa lambar ƙarya.

Nan take ka sa BHT, sinadarin hana kitse lalacewa, yadda zai zama kashi 0.005 cikin 100, sannan ka rarraba rabin mililita-rabin mililita a ƙananan kwalabe. Kowace sau ɗaya ake narkar da ita, abin da ya rage a zubar. Ajiya ta gaskiya digiri 80 ƙasa da sifiri ce. In firiza mai 20 ƙasa da sifiri kawai kake da ita, tsara aikin yadda za ka auna cikin makon. Da yake wuta na ɗaukewa, daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ɗora tsabar dala biyar a kan ƙanƙarar, ka ajiye kusa da kwalaben. Duk safiyar da ka tarar tsabar ta nutse, an narke an sake daskarewa da dare.

Shi kansa awon, tsarin Ohkawa na 1979 da mafi yawa ke bi ga shi: 0.1 ml na samfur, 0.2 ml na SDS (sabulun awo) mai kashi 8.1, 1.5 ml na asid asetik mai kashi 20 da aka daidaita a pH 3.5, 1.5 ml na TBA (sinadarin da ke haɗuwa da MDA ya ba da launi) mai kashi 0.8, a cike da ruwa zuwa 4 ml. A dafa a digiri 95 na minti 60, kwalabe a rufe don kada ruwa ya ƙone launi ya yi kauri. A sanyaya, a tsame launin da butanol mai piridin, a karanta a 532 nm. Ma'aunin TMP, wanda ake gwada launin samfuran da shi, sabo ake haɗawa kowace rana, a dafa shi tare da samfuran a tukunya ɗaya. Wanda ya sha wuta minti 70 ba a gwada shi da na minti 60.

Ga abin da ya shafi masu suga musamman. TBA ba MDA kaɗai yake kamawa ba. Cikin asid da zafi, suga da bilirubin da wasu aldehid su ma suna ba da launi. Jinin da sugansa ya kai giram 3 a lita zai iya ba ka ƙarin launi da ba daga kitse ya fito ba. Shi ya sa ban yarda a tsallake matakin butanol ba, ko da ana sauri. Kowane samfur ka yi masa ɗan'uwa marar TBA ka cire abin da ya karanta, ka rubuta sugan wannan safiyar a gefe, kuma a takarda ka rubuta TBARS, wato duk abin da TBA ya kama, ba MDA ba. MDA tsantsa sai da HPLC, injin da ke rarrabe sinadarai. Isoprostan F2, wata alamar lalacewar kitse, ya fi duka aminci, sai dai kayan aikinsa da ajiyarsa sun fi ƙarfin ƙaramin ɗakin awo.

Ɓangaren tsaro kuma a jajayen ƙwayoyi ake dubawa. Glutatiyon da sinadarin Ellman, a 412 nm, kuma a zuba asid a sauke furotin da wuri, don yana saurin juyewa. Ka fara sanin ko mutumin na da ƙarancin G6PD (wata lalurar gado ta jajayen ƙwayoyi), wanda ba baƙo ba ne a ƙasarmu, domin shi ma yana taɓa glutatiyon. Don SOD, katalaz da GPx, sinadaran da ke kashe kaifin radikal, wanke ƙwayoyin sau 3 da ruwan gishiri mai kashi 0.9, ka ba da sakamako bisa kowane giram na hemoglobin, in ba haka ba ƙarancin jini zai yi maka kama da ƙarancin tsaro. Kada ka yi mamaki in SOD ya hau a wani ya sauka a wani. Jiki kan ƙara yinsa don kare kai, suga kuma kan manne masa ya raunana shi.

Babu wata iyaka ta lafiya da aka amince da ita a kan TBARS, don haka lambar mutum ɗaya ba ta canza magani. Likita HbA1c zai duba, awon matsakaicin suga na watannin baya, shi ma da taka-tsantsan ga mai sikila, saboda gajeren ran jajayen ƙwayoyinsa na sauko da lambar. Aikin waɗannan awo shi ne gwada rukuni da rukuni. Nemi masu lafiya sa'annin marasa lafiyar, maza da mata daidai, a ɗauki jininsu safiya ɗaya da hannu ɗaya, a cakuɗa kwalabensu cikin dafuwa ɗaya. Sannan ka haɗa plasma mai yawa wuri guda, ka rarraba ka daskare, kowace dafuwa ka sa kwalba ɗaya. Ranar da ta kauce daga inda ta saba da fiye da kashi 10 cikin 100, dafuwar ranar duka a sake ta.