Kafin ki sayi zomon nan

'Yar'uwa, kin ce yara sun matsa sai an sayo musu zomo, kina tambaya yaya za ki gane mai lafiya. Toh ni dai shawarata ki je gidan mai kiwo ki ga uwar da idonki, ya fi na kasuwa da aka cusa a kwali tun safe. Kar ki karɓi wanda bai kai sati 8 ba ko da ya fi kyau, irinsu ne zawo ke kashewa. Ki duba ido ba kwantsa, hanci ba majina, ki leƙa cikin kunne ba ɓawon ƙazuwa, ki juya shi ki ga gindinsa a bushe yake, kashinsa ƙwallo-ƙwallo, haƙoran gaba kuma sun hau daidai don tsiro suke yi har ya mutu. Dan Allah kar a ɗaga shi ta kunne, ki gaya wa yaran tun yanzu.

Sai maganar zafi, wallahi ranar Afrilu tana kashe zomo, keji a inuwa, ruwa kullum, harawa da ciyawa su fi dusa yawa. In kin haɗa mace da namiji kuwa ki shirya, cikinsu wata ɗaya ne kacal.