Me ya sa kwatarmu a Legas ke amai ko bayan an yashe ta?

Malam, ka ce kun yashe kwata amma ruwan sama kaɗan sai baƙin ruwa ya dawo ƙofar gida. Ba lallai shara ce kaɗai ba. Unguwannin Lekki da Victoria Island kusan daidai suke da tsayin teku, kuma manyan magudanai a lagun, wato tafkin da ke haɗe da teku, suke zubewa. In ruwan Yuni ko Yuli ya haɗu da tashin teku, bakin magudanar kan nutse, ruwa ya rasa mafita, sai ya juyo baya. Duba bayan awa shida, lokacin da teku kan sauka: in ya janye da kansa, tekun ne. In yana nan, toshewa ce ko rashin gangare.

Kwata na son gangaren santimita 1 a kowace mita. Ku sa ragar ƙarfe a mashiga, a bututun gida kuma marfin da ke buɗewa waje kaɗai. Taɓon da kuka kwashe kada ya kwana a gefen titi, ruwan farko zai mayar da shi.

In akwai wari kuwa, wataƙila wani ne ya haɗa sokawe da kwata. Haka kwalara ke shiga rijiya. Legas ta sha fama da kwalara a 2024. Rijiyar da ambaliya ta taɓa, a tafasa ruwanta kafin sha.